Akwatin Littattafan Aji Biyar: Me Za Mu Zuba a Ciki?

Malama Hauwa, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Aji biyar nake koyarwa a wata firamare a nan cikin gari. Makon jiya na tambayi yarana: in an cire littafin darasi da karatun Islamiyya, wa ya taɓa ɗaukar littafin labari ya karanta shi daga bango zuwa bango? Yara sittin da 'yan kai, hannu uku ne suka tashi. Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Yaran nan ba daƙiƙai ba ne, fiye da rabinsu suna haɗa baƙi da wasali su karanta sarai, abin karantawar ne babu. Na kai maganar taron iyaye da malamai, aka yi karo-karo, wani uba mai walda ya ƙera mana akwatin ƙarfe har da kwaɗo. Yanzu ga akwati, ga 'yan kuɗi a hannu da ba su taka kara sun karya ba, ni kuma ba na son in kashe ko sisi a kan littafin da zai kwanta yana shan ƙura. Me zan saya? Niyyata yaro ya ari littafi ranar Juma'a ya dawo da shi Litinin, ke nan littafin zai shiga gida, yayye da iyaye su ma za su taɓa. Ku ba ni na yara, na matasa, har da na manya.

Baba Hedimasta, Jega:
Wa alaikumus salam. Allah shi yi miki albarka ɗiyata, kin ɗauko aiki babba. Ni shekara talatin da biyar na yi riƙe da alli. In kina son jin ta bakin tsoho, fara da Magana Jari Ce, duk ukun. Mu da shi munka buɗe ido. Abubakar Imam ya rubuta shi, anka buga tsakanin 1937 da 1939, kuma har yau ban ga wanda ya ture shi wajen kama hankalin yaro ba. Dubi dabarar littafi na ɗaya. Sarki ya tafi yaƙi, ɗansa Musa na son ya bi sawu, mugun waziri na jiran ya fito ya miƙa shi ga abokan gaba, shi kuwa aku kullum dare sai ya riƙe Musa da labari har asuba ta yi. To yadda aku ya riƙe Musa, haka nan yake riƙe duk yaron da ya buɗe littafin.

Amma kada ki fara miƙa musu shi. Ki ware minti goma sha biyar kafin a tashi, ki karanta musu da baki, ki sake murya inda ya kamata, sai labari ya kai inda ya fi daɗi ki rufe ki ce sai gobe. Kwana uku za ki yi, da kansu za su zo suna roƙon aro. Ki haɗa da Ruwan Bagaja, shi ma na Abubakar Imam, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Waɗanda karatunsu bai nuna ba kuma, ki nemo musu Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu. Kada ki ji kunyar ba ɗan aji biyar littafin 'yan aji ɗaya, in can karatunshi ya tsaya.

Zainab, ɗaliba:
Baba Allah ya ƙara girma, a yi mini afuwa in na tsoma baki. Duk lokacin da aka yi maganar littafin Hausa a gidan nan sai a ce Magana Jari Ce, kamar daga kansa aka rufe ƙofa. Littafin ya haura shekara tamanin. Na karanta shi kuma na ji daɗinsa, amma yarinyar da ke aji biyar yau tana son ta ga wata mai kama da ita a cikin labari, mai zuwa makaranta, mai talla da yamma, mai jin tsoro in an ce 'yan bindiga sun shiga ƙauyen kakarta. Kuma ba gaskiya ba ne cewa mun daina karatu. A ɗakin kwananmu a jami'a akwai wadda ke cinye labari mai babi ɗari a waya cikin mako guda. Mun koma WhatsApp da Wattpad ne kawai.

Malam Nasiru, Gwandu:
Zainab, abin da kuke karantawa a wayar nan shi ne damuwarmu. Na taɓa karɓar wayar ƙanwata na duba, wallahi shafi biyu na kasa wucewa. Ga batsa, ga rubutu ba ƙa'ida, Hausa rabi Ingilishi rabi, ba aya ba waƙafi. Shi za a zuba wa 'ya'yan mutane a akwati?

Zainab, ɗaliba:
A'a Malam, ban ce a zuba shi ba. Akwai shara a can, ban musa ba, har akwai waɗanda ke sayar da batsa da sunan labari, a biya kuɗi a shiga rukuninsu. Amma ba a taru an zama ɗaya ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara wa mata a 2016, labarin da ya fara cinye ta shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira. Da yawa daga matan da ke shiga gasar nan a waya suka koyi rubutu. Akwai kuma gasar marubutan Hausa da Gusau Institute ke shiryawa a Kaduna. Sabon rubutu mai nauyi yana nan, mu ne ba mu neman sa.

Hajiya Luba, Gusau:
Ku bar ni in shiga tsakani, don ni na ga zamanin biyu. Abin da Malam Nasiru ke faɗa wa Zainab yau, shi aka faɗa mana lokacin da muke ɓoye In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a ƙarƙashin filo, bayan fitowarsa a 1991. An kira su adabin kasuwar Kano, an ce za su lalata mu. Ni dai na san matan aure a unguwarmu da suka shiga ajin yaƙi da jahilci don kawai su daina roƙon a karanta musu littafin Bilkisu Funtuwa. Wannan ba labari aka ba ni ba.

Malama Hauwa, ga yayyen yaranki mata, ki sa Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu. Labarin Abu ne, wadda aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ba littafin 'yan aji biyar ba ne, ki rubuta a bangonsa cewa na manya ne. Amma in ya shiga gida uwa ta karanta, wata yarinyar ba za a cire ta daga ajinki ba. Wani littafin nata, Alhaki Kuykuyo Ne, har Ingilishi aka fassara shi aka buga a Indiya a 2012, mu da aka rubuta dominmu kuma wasunmu ba su taɓa ganin bangonsa ba.

Sannan kada ki manta da tamu. Hafsat Abdulwahid, wadda So Aljannar Duniya nata ya fito a 1980 bayan gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya, ita ake ƙirgawa mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa. Ta yi zaman Gusau shekara da shekaru, har ta fito neman takarar gwamnan Zamfara a 2003. Labarin Boɗaɗo ne, 'yar Fulani, da Yasir. Siriri ne, a zama biyu an gama.

Malama Hauwa, Birnin Kebbi:
Hajiya na gode, na rubuta. Baba, dabarar rufe littafi a tsakiyar labari gobe-goben nan zan gwada ta. Zainab, maganarki ta shige ni. Akwai yara huɗu a ajina da iyayensu suka taso daga ƙauyuka saboda rashin tsaro, ɗaya daga cikinsu sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Ban sani ba ko labari irin Sansani zai yi mata magani ko fami zai yi mata.

Maman Sadik, Yawuri:
Malama, a nawa ganin kada ki fara mata da shi. Na riƙe 'yar ƙanwata bayan abin da ya same su, wata shida ba ta son jin ko ƙarar babur. Abin da ya fara sa ta dariya tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ce. Yaron da ya ga tashin hankali da idonsa ba ya bukatar a sake nuna masa a takarda, ya fi bukatar wurin da zai huta. Sansani ki ba manya, su ne ya kamata su san abin da yaran ke ɗauke da shi.

Ga ƙanana ki nemi Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, littafi shida ne, da tatsuniya da waƙoƙin wasan dandali a ciki. Akwai Taskar Tatsuniyoyi ta Dokta Bukar Usman. Ga maza masu ƙiriniya kuma, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba ya yi sama da shi. Sadik sai da ya karanta shi sau uku, daga nan ya dame ni da tambayar me ke riƙe da wata bai faɗo ba.

Abdul, Argungu:
Ina ta bin zancen, kowa na ta labari da tatsuniya. Ni abin da ke ci mini rai tarihi ne. Ku je kowace firamare a jihar nan ku tambayi yaro wane ne Kanta, zai ce muku sunan gidan tarihi ne ko sunan makaranta. Mutumin da ya raba gari da Askiya na Songhai wajen 1516, ya kafa daular Kabi, ya gina Surame da ganuwar dutse wadda kufanta ke nan har yau. Yaranmu na zuwa Matan Fada kallon bikin kamun kifi, ba su san cewa bikin a sifarsa ta yanzu ya faro ne a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ba, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Ina ɗan ƙaramin littafin Hausa mai hotuna da zan miƙa wa ɗana ya karanta wannan?

Binciken kuwa an yi shi. M. B. Alkali ya rubuta kundin digirinsa a kan Kabi ta ƙarni na 19 a Jami'ar Ahmadu Bello a 1969. Garba Nadama, wanda ya zo ya yi gwamnan tsohuwar jihar Sakkwato, ya yi digirin digirgir a kan tashi da faɗuwar daular Zamfara a 1977. Duk da Ingilishi, duk a kan kantar jami'a. Wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya wallafa tarihin Zamfara tun 1959, da Jamusanci. Wato mutumin Jamus ya fi ɗan Anka samun sauƙin karanta jerin sarakunan Zamfara.

Malam Nasiru, Gwandu:
Abdul, kukanka gaskiya ne, amma in gyara maka abu ɗaya. Kada yara su ɗauka sai da Bature ya zo anka fara rubuta tarihinmu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke nan garinmu, ya rubuta Tazyinul Waraƙat, ya tara waƙoƙinsa ya yi bayanin abin da ya sa ya yi kowace, har da yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 da na Alwasa da anka yi nan kusa da mu. Ganau ne, ba jiyau ba. Shi ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano a kan yadda ake mulki, ya kuma yi tafsirin Liya'ut Tawil. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi Infaƙul Maisur. Nana Asma'u ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa mata malamai da ake ce wa jaji tana ɗora musu malfa, su bi ƙauyuka suna karantar da mata 'Yan Taru. Ƙasar ga ƙasar alƙalami ce tun asali. Abin da ya ɓace shi ne gadar da za ta kai yaron boko can.

Wanda ke son na Hausa, akwai Tarihin Fulani na Waziri Junaidu. Littafin Murray Last na 1967 a kan daular an mai da shi Hausa da sunan Daular Sakkwato, kuma Farfesa Aliyu Muhammad Bunza na cikin masu fassarar. Akwai kuma Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, tsoho ne ƙwarai amma har yau ana sha daga gare shi.

Abdul, Argungu:
Na karɓi gyara Malam. Sai dai ka lura, galibin waɗannan daga ɓangare guda suke ba da labari. Mu Kabawa muna da namu bayanin na abin da ya faru bayan an ci Birnin Kebbi a 1805, da yadda Yakubu Nabame ya sake tsai da sarauta a Argungu. Yana bakin tsofaffi da makaɗa. Kowace shekara muna binne wasu daga cikinsu.

Baba Hedimasta, Jega:
To ka ɗauki biro, Abdul. Kai ka yi karatun tarihi, gidan tarihin Kanta na bayan gidanku. Shafi ashirin da huɗu ya isa, da manyan baƙaƙe, ka samu yaro mai zane ya yi maka hoto. Ba sai ka jira wani kamfani ba.

Tun da an zo maganar namu, ina jin ciwon yadda ba a ambaci Aƙilu Aliyu ba har yanzu. Nan Jega anka haife shi, ko da yake Borno da Kano sunka ci moriyar zamanshi. Fasaha Aƙiliya ya kamata a ce kowace makaranta a jihar ga tana da shi. Malama, ki duba Kadaura Babbar Inuwa, waƙa ce a kan ilimi, da Hausa Mai Ban Haushi, wadda ya yi wa masu raina harshensu. Amma waƙa ba a karanta ta kamar jarida, rerawa ake yi. Yaron da ya rera baiti sau uku ya hardace shi, kuma kalmomin da ke ciki sun zama nashi har abada. Mutanen Zamfara kuma kuna da Abubakar Tunau na Mafara, mai Wasan Marafa. Wasan kwaikwayo ne gajere kan tsabta da lafiya, yara na iya raba matsayi su yi shi gaban aji.

Hajiya Luba, Gusau:
Baba ka tuna mini. Muna da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ma, mai Makaɗa da Mawaƙan Hausa. Maigidana ba mai karatun labari ba ne ko kaɗan, amma ranar da ya ga tarihin Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru a rubuce, bai ajiye littafin ba sai da aka kira sallar magariba. Haka littafin Narambaɗa na Farfesa Bunza. Irin waɗannan su ke jawo iyaye maza, don sun riga sun san waƙar a kunne, sai su ga ashe akwai ma'anar da ta wuce su.

Alhaji Mai Littattafai, Birnin Kebbi:
Salamu alaikum. Ni ne mai shago, bari in faɗa muku abin da ba ku so ji ba. Rabin sunayen da kuka lissafa, in Malama ta zo gobe ba za ta same su a kantata ba. Ba ƙin sarowa nake yi ba. Littafin addini yana tafiya, tambayoyin jarrabawar baya suna tafiya, littafin da aka wajabta wa 'yan sakandare yana tafiya. Na labari kuwa sai in saro goma daga Kano, shekara ta zagayo shida na nan rana ta cinye bangonsu. Mutum zai shigo ya ɗauka ya jujjuya, ya tambayi kuɗi, ya ce ai akwai shi a waya, ya ajiye. Takarda ta yi tsada, kuɗin mota ya yi tsada. Masu haya da muka sani da, inda mace za ta aiko yaro da 'yan canji a ba ta littafi na kwana biyu, kusan duk sun nade tabarma.

Sannan a yi hattara da na jabu. Akwai Magana Jari Ce da ke yawo a kasuwa, hoton na asali aka ɗauka aka buga a takarda mai kamar ganye, wasu shafuka a juye, ƙugiyar ƙ da ɗ duk ta goge. Ni ma an taɓa haɗa ni da katan guda, na yi asara. Malama, in za ki saya ki buɗe tsakiya ki duba, ki ja shafi a hankali ki ga ko ɗinki ne ko gam. Littafin da zai shiga hannun yara sittin in ba ɗinki ba ne, wata ɗaya ba zai yi ba.

Ki turo mini jerin. Ina da tafiya Kano da Zariya cikin watan nan, abin da na samu zan ba ki a kuɗin da na saro.

Malama Hauwa, Birnin Kebbi:
Alhaji Allah ya saka da alheri, ya sa a mizani. Akwai abin da ke damuna da ban faɗa ba. Yarana a gida munka da sunka suke faɗa, su ce shina zuwa, su ce wanga. Littafi kuma ya ce muka, suka, yana, wannan. Wani yaro ya taɓa tambayata ko Hausarsu ce ba daidai ba. Na rasa amsar da zan ba shi a lokacin.

Baba Hedimasta, Jega:
Ki ce mishi Hausarshi daidai take, kuma tsohuwa ce mai asali. Da ita Narambaɗa ya yi waƙa, da ita malaman jihadi sunka yi wa'azi. Ta littafi ita ce anka daidaita don na Kano da na Damagaram da na Yawuri su karanta abu guda, ita zai rubuta a jarrabawa. Riga biyu gare shi, ta gida da ta makaranta. Ni abin da nake yi, in mun gama karanta labari sai in ce wa zai ba mu shi da bakin gidansu. Nan za ki ga wanda ya fahimta. Kada ki taɓa bugun yaro ko ki yi mishi dariya don ya ce munka.

Injiniya Sani, Zuru:
Ina da ƙari ta wani gefen. Mu nan Zuru yara da yawa C'lela suke ji a gida, Hausa ta biyu ce, Ingilishi ta uku. Abin da ya taimake ni da nawa shi ne littattafai masu hoto babba da jimla ɗaya ko biyu a shafi. A shafukan African Storybook da StoryWeaver akwai irinsu da Hausa kyauta, kuma an yarda a sauke a buga. Nakan sauke, in kai wa mai buga takarda, in sa a ɗinke da bango mai kauri. Sai dai ki karanta kowanne kafin ki buga, don wasu fassara ce daga wata ƙasa kuma Hausar ba ta zauna ba.

Abin da na nema na rasa shi ne kimiyya. Tun Ikon Allah, wanda Bature Rupert East da Abubakar Imam suka yi a kan halittu da yadda duniya ke tafiya, ban ci karo da wani da ya kama ƙafarsa ga yara ba. Jihar da ke noman shinkafa kamar tamu, a ce babu ɗan littafin da zai nuna wa yaro yadda iri ke tsira, me taki ke yi wa ƙasa, me ya sa Gulbin Kabi ke cika ya yi ambaliya. Tambayar Sadik ta me ke riƙe da wata, da Hausa ya yi ta, ya kamata ya samu amsa da Hausa.

Zainab, ɗaliba:
Injiniya, wannan mu ɗalibai za mu iya. Muna da 'yan sashen kimiyya da ke rubutu a Facebook kullum. Zan yi musu magana, ko shafi goma-goma ne kowa ya ɗauki tambaya ɗaya, Malama ta gwada a ajinta ta gaya mana inda yara suka tsaya.

Kuma Malam Nasiru, don kada ka ce na gudu daga tambayarka: in kana son ka ga rubutun zamani mai nauyi, ka nemi Mace Mutum na Rahma Abdulmajid, ko 'Yartsana na Ibrahim Sheme. Na biyun a kan macen da ta faɗa karuwanci ne, bai yi wa abin kwalliya ba kuma bai yi batsa ba. In ka karanta ka ce shara ne, na yarda.

Malam Nasiru, Gwandu:
Zan nema in karanta, in Allah ya so, kuma zan faɗi abin da na gani ko ya saɓa wa abin da na faɗa yau. Amma ina nan kan bakana game da akwatin yara: duk abin da zai shiga, Malama ta fara karanta shi da kanta. Amana ce iyaye sunka ba ta. Ga 'yan sakandare na gida zan ƙara Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, su ga abin da bauta ta yi wa uwa da ɗanta, da Gandun Dabbobi, fassarar Bala Abdullahi Funtuwa ta 1975. Na manya kuma, Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, dukansu labarin tafiya Turai ne da idon mutumin gida.

Maman Sadik, Yawuri:
Malama ki yi rajista tun ranar farko, sunan yaro da littafin da ya ɗauka. Ki naɗa biyu daga cikinsu su riƙe ta, mace da namiji. Kuma ki sa a ranki wasu za su dawo da miya a jiki, wani ƙanen yaro zai yaga shafi. Kada ki ci tara, in kin ci ba za su sake ɗauka ba. Ki tanadi gam da salatif kawai. Yarinyar nan mai shiru kuma, ki gwada ba ta riƙon makullin.

Malama Hauwa, Birnin Kebbi:
Wallahi ban yi tunanin makullin ba, Maman Sadik. Zan ba ta.

Ga inda na tsaya. Da kuɗin hannu zan fara da Magana Jari Ce, Ruwan Bagaja, Iliya, Tauraruwa Mai Wutsiya, Tatsuniyoyi da Wasanni duk wanda Alhaji ya samu cikin shidan, da su Ka Koyi Karatu bibbiyu. Injiniya, turo mini waɗanda ka riga ka tace in buga ko goma ne. Na manya zan jira zagaye na biyu, sai dai in wani yana da tsohon kwafi a gida da zai ba mu aro. Abdul, na riga na gaya wa raina cewa akwai littafin Kanta a akwatin nan kafin ƙarshen zango na uku.

Hajiya Luba, Gusau:
So Aljannar Duniya da Wa Zai Auri Jahila? suna cikin adakata. Zan ba direban motar Birnin Kebbi ranar Asabar, in turo miki lambarsa ta akwatin sirri.

Abdul, Argungu:
Na ji Malama. Ranar Lahadi zan je wurin wani dattijo a unguwarmu da abin ɗaukar murya. Baba, in na rubuta kai za ka fara dubawa.

Baba Hedimasta, Jega:
Kawo, ina nan. Malama, Fasaha Aƙiliya tawa tana nan, bangonta ya fita amma baitocin ba su taɓu ba. Ba zan ba direba ita ba, da kaina zan kawo. Ki tambayi shugaban makarantarku ko zai ba ni rabin sa'a ranar Alhamis bayan tara, in rera wa yaran Kadaura Babbar Inuwa.

Malama Hauwa, Birnin Kebbi:
Na kira shi yanzu, ya ce ƙarfe goma sha ɗaya, kuma zai haɗo da 'yan aji shida. Zan aiko mai babur ya tarye ka a tasha, Baba.